Ɗamarar Jar Fata: Labarin Gasar Golf Ta Farko

A cikin shekarar 1860, wadda ta yi daidai da 1277 ta Hijira, Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku bai daɗe da hawa gadon sarauta ba, Abdullahi Maje Karofi kuwa shi ke sarautar Kano. A cikin wannan shekara, can a wani ɗan gari na bakin teku mai suna Prestwick a ƙasar Sikotlan, waɗansu talakawa takwas suka taru suka yi wuni guda suna bugun ƙwallo da sanda, don a san wanda ya fi gwaninta a cikinsu. Sikotlan ita ce ƙasar da ke arewa da Ingila, ita ce kuma ƙasar Kilafatan, Baturen nan da ya zo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824. Wannan ɗan taro na mutum takwas shi ne mafarin gasar da ta girmi dukan manyan gasannin wasan golf na duniya. Labarinsa ya isa a ji, domin ya nuna yadda lissafi a rubuce ya ɗaga darajar mutanen da a dā ba a ɗauke su bakin kome ba.

Yadda Wasan Yake

Golf, wanda waɗansu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da a ke yi a fili mai faɗi. A kan haƙa ƙananan ramuka nesa da juna, faɗin bakin kowane inci huɗu da kwata, a kafa tuta a ciki don a hango shi daga nesa. Ɗan wasa ya kan aje 'yar ƙwallo wadda ba ta wuce ƙwan kaza ba, ya buga ta da sanda mai lanƙwasasshen kai, ya bi ta inda ta faɗi, ya sāke bugu, har ta faɗa rami. Sa'an nan ya wuce rami na gaba. Kowane bugu ƙidaya shi a ke yi. Wanda ya gama ramukan duka da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci. A nan wasan ya sha bamban da ƙwallon ƙafa, inda mai yawa ke cin mai kaɗan. Tsakanin rami da rami akwai tudu da kwari, da ramukan yashi, da ƙaya, da rafi, saboda haka ba sanda ɗaya a ke riƙewa ba: akwai ta bugun nesa, akwai ta fid da ƙwallo daga yashi, akwai ta gangara ta cikin rami.

Wasan ya daɗe a Sikotlan. A 1457 har doka aka kafa a zamanin Sarki James na Biyu aka hana shi, don samari sun shagala da shi sun bar koyon harbin kibiya, ga shi kuwa ƙasar na fama da yaƙi da Ingila. Dokar ba ta kashe wasan ba. A 1744 aka fara rubuta ƙa'idodinsa, a 1764 kuma mutanen garin St Andrews suka tsai da ramukan filinsu goma sha takwas, adadin da daga baya duniya duka ta bi.

Masu Ɗaukar Sanduna

A wancan zamani wasan na masu hali ne, domin kayansa da tsada. Ƙwallon ma da fata a ke ɗinka ta, a dafa gashin dinya, a yi ta cusawa a ciki da tsinken ƙarfe har ta yi tauri. Gwanin ɗinki ba ya wuce uku ko huɗu a yini, in kuwa ruwa ya jiƙa ta sai ta lalace. Attajirai da masu sarauta su ke da kulob-kulob, watau jam'iyyun masu wasa. Talaka kuwa aikinsa ɗaukar sanduna. Ya kan bi maigida da su a hammata, ya miƙa masa wadda ta dace, ya nemo ƙwallo in ta ɓace, a sallame shi da 'yan kwabbai.

To, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bin fili guda tun yana yaro, ya san kowane tudu da kowace iska, ba mamaki ya fi maigidansa iya wasan. Haka kuwa aka yi. Daga cikin masu ɗaukar sanduna da masu sassaƙa su da masu ɗinkin ƙwallo aka sami gwanaye na ainihi. Sai masu kuɗi suka riƙa haɗa su karo, wannan ya tsaya wa nasa, wancan ya tsaya wa nasa, a zuba kuɗi a yi caca a kansu, wanda ya ci a ɗan yaga masa wani abu. Amma duk gwanintar mutum, bara ne. Ba ya zama cin abinci tare da 'yan kulob, ba a kuma kiransa da laƙabin girma.

A cikin waɗannan gwanaye ba wanda ya kai Allan Robertson na St Andrews, mai ɗinkin ƙwallo. Kowa ya sallama masa. Yana da wani almajiri, Tom Morris, ɗan masaƙi, wanda aka haifa a 1821, ya shiga hannunsa tun yana yaro. Wajen 1848 sai aka fito da wata sabuwar ƙwallo ta ƙaron wani itace na ƙasar Malaya, mai araha, wadda ruwa ba ya ɓata ta. Robertson ya ga za ta kashe masa sana'a, ya ƙi ta ƙwarai. Ran nan ya iske Morris yana wasa da ita, sai suka ɓata, Morris ya bar shagonsa. A 1851 aka kafa kulob a Prestwick, suka ɗauki Morris ya zama mai kula da filinsu, shi ne ya tsara musu ramuka goma sha biyu a cikin tuddan yashi na bakin teku.

Ana nan sai wani saurayi ya taso daga wajen Musselburgh, kusa da birnin Edinbara, sunansa Willie Park. Shi ma da ɗaukar sanduna ya fara. Dogon bugu gare shi, ga ƙarfin hali. Ya sa aka buga a jarida cewa yana neman Robertson ko Morris su fito su kara a kan fam ɗari. Robertson bai amsa ba. Morris ne ya riƙa karawa da shi, yau wannan ya ci, gobe wancan.

Gardama Ta Tashi

A watan Satumba na 1859 Robertson ya mutu, bai cika shekara arba'in da biyar ba. Nan take gardama ta tashi: wa ya gaje shi? Mutanen Prestwick suka ce Morris, mutanen Musselburgh suka ce Park, kowane gari da nasa gwani. Irin wannan gardama mai karatu ya san ta, domin ita ce a ke yi a bakin kasuwa bayan an tashi daga dambe ko kokawa, kowa na yabon na unguwarsu, ba mai hujja sai baki.

Sai wani babban ɗan kulob ɗin Prestwick, tsohon hafsan soja, mai suna James Ogilvie Fairlie, ya kawo shawara. Ya ce a daina karon mutum biyu biyu. A tara gwanayen duka a fili ɗaya, rana ɗaya, kowa ya buga ramuka iri ɗaya, a rubuta bugun kowa, a haɗa jimla. Kulob ya yarda. Aka aika takardu zuwa waɗansu kulob-kulob na Sikotlan, da ɗaya na Ingila, aka ce kowanne ya aiko da gwanayensa daga cikin masu ɗaukar sanduna, kada su wuce uku, su kasance kuma sanannu masu mutunci. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya isa ya nuna irin kallon da a ke yi musu.

Ɗamarar

Abin da aka sa don wanda ya ci ɗamara ce, irin wadda a ke ba zakaran dambe a ƙasar Turawa. Aikinta ɗaya da na takobin da a ke miƙa wa zakaran kokawa a Nijar. An saye ta fam 25 a wurin maƙeran azurfa na Edinbara. Faffaɗa ce, an yi mata ado da allunan azurfa masu zanen 'yan wasa, jikinta kuwa na jar fatar akuya ne mai laushi, irin wadda Turawa ke kira fatar Maroko.

Wannan suna yana da labari. Tun zamani mai nisa fatake ke ɗaukar jemammiyar fatar akuya daga ƙasar Hausa, su ƙetare Sahara da ita bisa raƙuma zuwa garuruwan Larabawa na bakin teku. Daga can Turawa ke saye, sai suka laƙaba mata sunan ƙasar da suka sani. Da yawa daga abin da suke kira fatar Maroko aikin majeman Kano ne da na Sakkwato, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta. Mai kiwon akuya a Gidan Dare ko wata shiya ta birni ya sani irin fatar dabbarsa Turawa ke rufe littattafansu masu daraja da ita, irinta kuma aka zaɓa aka yi ɗamarar zakara.

Aka kafa wa ɗamarar ƙa'ida biyu. Ta fari, wanda ya ci ba zai tafi da ita gida ba sai ya kawo jingina, don kada ta salwanta. Ta biyu, wanda ya ci ta shekara uku a jere ta zama tasa har abada. Kuɗi kuwa ko anini ba a sa ba.

Ranar Gasa

Ran Laraba, 17 ga Oktoba, 1860, mutum takwas suka hallara. Bakwai daga garuruwan Sikotlan, ɗaya, George Brown, daga Blackheath kusa da Landan. Aka raba su biyu biyu, aka haɗa su da 'yan kulob masu bin su da takarda da fensir suna rubuta kowane bugu. Manyan ba su amince talaka ya ƙidaya wa kansa ba. Amma abin da aka yi don rashin yarda shi ya zama gatan talakan, domin abin da aka rubuta a gaban shaidu ba mai iya musunsa daga baya.

Tsawon filin yadi 3,799 ne, watau mil biyu da 'yan kai. Ramin farko kaɗai yadi 578 ne. Aka ce a zaga filin sau uku, ramuka talatin da shida ke nan. Da tsakar rana aka fara, ga rana gajera a wannan wata a ƙasarsu, saboda haka ba wani dogon hutu.

Kusan kowa Morris ya ba, gama shi ya tsara filin da hannunsa, ya san shi kamar tafin hannunsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zagaye na fari Park ya gama da bugu 55, Morris da 58. A na biyu suka yi kunnen doki, kowa 59. Jimla ta zama 114 da 117, Park na gaba da uku. A na uku Morris ya yunƙura ya yi 59, Park ya yi 60, watau Morris ya rage ɗaya, amma bai isa ba. Da aka haɗa lissafi, Park 174, Morris 176. Andrew Strath ya zo na uku da 180. Na ƙarshe, William Steel, ya yi 232, ya ɗara Park da bugu hamsin da takwas. Kafin duhu ya yi an gama, an ɗaura wa Willie Park ɗamara, baƙo ya ci mai gida da bugu biyu.

Gardamar shekara guda ta mutu a wuni ɗaya. Mutanen Prestwick ba su ji daɗi ba, amma ba su da ta cewa, gama 'yan kulob ɗinsu ne suka riƙe fensir.

An Buɗe Ƙofa

Da shekara ta kewayo sai waɗansu masu hali, waɗanda ke wasa don sha'awa, suka ce su ma a bar su su shiga. Kulob ya yanke shawara cewa daga 1861 ɗamarar a buɗe take ga duniya duka. Daga nan gasar ta sami sunanta na Open, watau buɗaɗɗiya. Ma'anar wannan babba ce: maigida da mai ɗaukar masa sanduna za su tsaya wuri ɗaya, a auna su da mudu ɗaya. Da aka auna kuwa sai da aka yi kusan shekara talatin ba wani mai wasan sha'awa da ya ci. Sai a 1890 John Ball ya karya wannan, shi ne kuma mutumin Ingila na fari da ya ci.

Morris ya rama a 1861, ya sāke ci a 1862 da ratar bugu goma sha uku, ratar da har yanzu ba a yi kamarta a wannan gasa ba. Ya ƙara a 1864 da 1867. Park ya ci a 1863 da 1866 da 1875, kowannensu sau huɗu ke nan. Ƙanen Park ya ci a 1874, sunansa Mungo Park, amma ba shi ne matafiyin nan da ya halaka a kogin Kwara wajen Busa ba, suna ne ya zo ɗaya. A 1863 aka fara sa kuɗi, fam goma, a 1864 kuwa wanda ya ci ya karɓi fam shida.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Morris na da ɗa, shi ma Tom, wanda ya ci gasar a 1868 yana ɗan shekara goma sha bakwai, ubansa na biye da shi a na biyu. Ya sāke ci a 1869. A 1870 ya zaga filin nan sau uku da bugu 149, watau ya rage ashirin da biyar daga abin da Park ya yi shekara goma baya. Uku a jere sun cika, ɗamara ta zama tasa. A 1871 ba a yi gasa ba don ba abin da za a bayar. A 1872 kulob uku suka tara fam goma goma aka sa a ƙera butar azurfa, suka kuma shirya a riƙa kewayawa da gasar tsakanin Prestwick da St Andrews da Musselburgh. Tom ƙarami ya sāke ci a wannan shekara. Amma kwanansa ba su da yawa. A Satumba na 1875 matarsa ta mutu wajen haihuwa tare da jaririn, shi kuma ya bi su ran 25 ga Disamba, yana da shekara ashirin da huɗu. Uban ya rayu har 1908. Ɗamarar tana ajiye a St Andrews.

Kada mai karatu ya zaci raini ya ƙare nan da nan. A 1907 Arnaud Massy na Faransa, wanda shi ma da ɗaukar sanduna ya fara, ya zama baƙo na fari daga wata ƙasa da ya ci. Amma har a 1920, da Walter Hagen na Amurka ya zo gasar, aka hana shi shiga ɗakin kulob don wasa ne sana'arsa. Sai ya yi hayar babbar mota, ya aje ta a bakin ƙofa, a ciki ya ke sauya takalma ya ci abinci, kowa na gani. Bayan shekara biyu ya ci gasar. A Amurka kuwa jam'iyyar masu sana'ar golf ta rubuta a dokarta cewa farar fata kaɗai za ta karɓa, ba ta soke wannan ba sai 1961.

Wasan Ya Iso Nijeriya

Turawan mulki da na ciniki da na haƙar kuza su suka kawo golf ƙasar nan, suka share filaye a Ikko da Jos da Kaduna da Zariya da Kano. Da ya ke ciyawa ba ta jure rani, sai a kan cakuɗa yashi da baƙin mai a daddaɓe kewayen rami, a riƙa share shi bayan kowane ɗan wasa. Abin da ya faru a Sikotlan shi ya faru a nan: yaran gari ke ɗaukar sanduna, suna kallo, suna gwadawa in Bature ya tafi, daga cikinsu kuma aka sami 'yan ƙasa da yawa da suka riƙi wasan sana'a.

A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka fara buɗaɗɗiyar gasar Nijeriya a filin Ikoyi na Ikko. A wancan lokaci gwanayen Ingila su kan gudo wa sanyin ƙasarsu su zo, daga nan su wuce Kenya da Zambiya. A 1971 wanda ya ci ta baƙar fata ne na Amurka, Lee Elder. Iyayensa sun mutu tun yana yaro, da ɗaukar sanduna ya ci da kansa. Babu maraya sai rago. A 1975 shi ne baƙar fata na fari da ya buga babbar gasar Masters ta Amurka, wadda Tiger Woods ya ci a 1997. A 1978 wani saurayi, Sandy Lyle na Sikotlan, ya ci gasar Nijeriya, ita ce nasararsa ta fari a cikin sana'a, a 1985 kuma ya ɗauki butar azurfar nan ta Open. A 1981 Peter Tupling ya gama ramuka saba'in da biyu a Ikoyi da bugu 255, abin da ya ba duniyar golf mamaki. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ci a 1988 da 1989, a 2004 kuwa ya zama na ɗaya a duniya.

Prestwick ta karɓi gasar sau ashirin da huɗu, na ƙarshe a 1925, sa'ad da taron 'yan kallo ya fi ƙarfin filin. An tara duwatsu an yi alama a wurin da aka yi bugun farko. A 2024 aka yi gasar a Troon, maƙwabciyar Prestwick, wanda ya ci ya karɓi dala miliyan uku da dubu ɗari, a gasar da Willie Park ya ci bai sami ko sisi ba.

Mutanen nan takwas ba su gāji sarauta ba, ba su gāji dukiya ba. Abin da suke da shi sana'a ce da suka ƙware a kai tun ƙuruciya, sun kuwa daɗe da ita ba wanda ya san iyakarta, sai ran da aka ɗauki fensir aka rubuta. Baki ya kan ƙara wa wanda ya ke so, ya rage wa wanda ya raina, amma 174 ba ta zama 176 don mai ita talaka ne. Wanda ya koyi karatu da lissafi da girmansa ya riƙe wannan. Ko awon gyaɗa ne, ko kuɗin fata, ko takardar haraji, mutumin da ke iya duba abin da aka rubuta a kansa ya haɗa jimla da kansa ya fi ƙarfin a tauye masa hakki. Allah ya ba kowane mai sana'a albarkar sana'arsa, amin.